Abin da zaman korona ya koya mini game da kunyar ɗalibi

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar, washegari makarantu suka rufe. A lokacin muna tsakiyar horon zama malaman Ingilishi a nan Damagaram. Sai ajinmu kacokan ya koma WhatsApp, domin Zoom ya fi ƙarfin aljihunmu, ya kuma fi ƙarfin rezo.

Tsadar forfe, ɗaukewar kuran a zafin Afrilu, ga azumi ya shigo, duk mun sha, mun kuma jure. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne muryata.

Malaminmu yakan turo tambaya, ya ce kowa ya amsa da baki na minti ɗaya. A aji in ka yi tuntuɓen harshe, iska ce ke kwashewa. A salula kuwa muryarka tana nan daram, mai so ya saurara sau goma. Mu da Hausa muka tashi, da Faransanci aka yi mana karatu tun firamare, Ingilishi sai a kolej muka haɗu da shi, harshe ya riga ya ƙage. Nakan shiga zaure da tsakar rana lokacin da gida ya yi tsit, in ɗauka, in saurara, in ji ta wani iri, in goge. Kafin in danna turawa hannuna ya jiƙe da zufa. Ga kewa. Da can a fada muke gwada Ingilishinmu ana zagaya shayi, a yi dariya a wuce. Yanzu kowa na fama shi kaɗai.

Akwai wata abokiyar karatunmu a Birni da ta yi shiru makonni, har wasu suka fara cewa ta yi watsi da karatun. Da na kira ta na ce, "Ƴar'uwa, lafiya kuwa?" sai ta ce salula ɗaya suke amfani da ita da maigidanta, sai dare take samu, a lokacin kuma tsakar gida cike yake da ƙannen miji masu kwaikwayon maganarta. Ta fi mu duka iya nahawu, wallahi.

Malam bai taɓa gyara wa kowa a gaban jama'a ba. Ta gefe yake bin ka: "Madalla, ɗana, na fahimce ka sarai. Kalma ɗaya ce kawai za ka sake." Ɗaya tak, ko da kurakuran sun kai ashirin. Ita kuwa ya ce ta riƙa turo masa nata kai tsaye. A haka bakinta ya buɗe, kafin a koma makaranta a farkon Yuni ta fara turawa cikin rukuni kamar kowa.

Yau ina koyarwa a kolej, aji cike maƙil. In yaro ya sunkuyar da kai ya ƙi magana, ba na saurin ce masa rago, don na san yadda maƙogwaro ke bushewa. Nakan haɗa su biyu-biyu su fara faɗa wa juna a hankali, ni kuma ina zagayawa ina kasa kunne. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya, shi ne zai karanta jimla ta gaba.