Kada a Jira Yaro Ya Shekara Biyu Kafin a Kai Shi Gashi

Tambayar da iyaye suka fi yi idan likita ya ce jaririnsu ya samu lalurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi ita ce ko zai warke. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya lalace ba ya dawowa, amma kuma raunin ba ya ƙaruwa, kuma a shekaru biyun farko ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin koyon sababbin hanyoyin sarrafa jiki.

Abin da ke damuna a nan Zariya shi ne yadda waɗannan shekaru suke tafiya a banza. Za a ga jariri ya wuce wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata tara bai zauna ba, hannunsa ɗaya kullum a dunƙule, idan an ɗaga shi ƙafafunsa su sanƙare su harɗe kamar almakashi, amma sai kaka ta ce nauyin jiki ne, maƙwabta su ce ɗan ruwa ne. Daga nan sai hayaƙi da rubutu, har lokaci ya ƙure. Addu'a tana da muhimmanci, sai dai ba ta hana a je asibiti.

Galibi musabbabin sananne ne: doguwar naƙuda wadda jariri ya fito bai yi kuka ba, haihuwar bakwaini, sanƙarau, da kuma shawara mai tsanani a makon farko. Ita shawarar ta fi ba ni takaici, domin fitila ta musamman da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta a asibiti tana maganinta idan an je da wuri, alhali ruwan gulukos da shanya jariri a hantsi ba sa maganin mai tsanani, kafur ɗin da ake sa wa a kayan jarirai kuma yana iya tayar da ita.

Akwai sashen gashin ƙashi, inda ake motsa wa yaro gaɓoɓi ana koya masa sarrafa jiki, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mafi yawan aikin, duk da haka, a gida ake yin sa, domin uwa ce za ta koyi yadda za ta zaunar da yaron, ta miƙe masa gaɓoɓi kullum don kada su ƙage, ta ciyar da shi a zaune don kada ya ƙware. Idan yana farfaɗiya, a nemi maganinta ba tare da jinkiri ba. Likitoci sun lura cewa yaron da ya iya zama da kansa kafin shekara biyu yawanci yakan yi tafiya, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara hankalinsu lafiya lau yake, don haka makaranta haƙƙinsu ce.