Naɗi goma na teflon suka zubar mini da tanki guda na ruwa

Da asuba na buɗe famfo zan yi alwala, sai iska kawai ta fito. Na haska fitila wajen tanki, na ga gindin ginin da yake zaune a kai ya jiƙe sharkaf, ruwa ya bi jikin katanga ya yi wa kansa hanya har bakin zaure. Lita 1000 ce, jarka arba'in ke nan ta lita 25, wadda muka yi dare biyu muna tarawa. Duk wanda ke zaune a Damagaram ya san abin da wannan yake nufi a watan Afrilu. Garinmu a kan dutse yake, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma a unguwanni da yawa sai dare ya raba yake zuwa, in ya zo ɗin. Ranar sai 'yan garuwa muka kira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da hannuna na yi aikin, da la'asar ɗin jiya, kuma na tashi daga wurin ba ko ɗigo ɗaya.

Aikin ba wani babba ba ne. Makullin ruwan da ke ƙasan tanki ne ya daina rufewa, na sayo sabo. Haɗin 20/27 ne, wanda masu sayo kaya daga Kano suke kira uku bisa huɗu na inci. Macen da ke fitowa daga tiyon tanki ta roba ce, irin ta PVC mai haƙori a ciki, namijin kuma guntun tagulla ne mai haƙori baki biyu. Na yi irin wannan haɗin sau ba adadi. Abu ɗaya ne ya sauya a wannan karon: teflon ɗin, wato ledar nan mai santsi da ake naɗa wa haƙorin tiyo don kada haɗi ya ɗiga.

Shekaru ina sayen ɗan siririn nan fari da ake samu a kowane shago, mai faɗin milimita 12, kauri 0.075. Shi wannan in ba ka yi masa naɗi goma ko sha biyu ba, ba ya riƙe komai, don haka hannuna ya saba da goma. Ranar da na je wani shagon kayan famfo kusa da Kasuwar Dole, mai shagon ya miƙo mini wani babba, faɗi 19, kauri 0.2, ya ce, "Malam, wannan ba irin wancan ba ne, kaɗan ake sa masa." Na ce, "To, Alhaji, na gode." Na zo gida na yi masa naɗi goma.

Lissafin a fili yake. Naɗi goma na 0.075 bai kai milimita ɗaya ba, kuma rabinsa iska ce, da an ɗaure ya lotsa. Naɗi goma na 0.2 milimita biyu ne a kowane gefe, alhali zurfin haƙorin 20/27 gaba ɗayansa milimita ɗaya ne da ɗan kaɗan. Wato na cika ramin haƙori, na kuma ɗora wani tudu a kai. Alamar ta bayyana tun a lokacin: da hannu juyi ɗaya da rabi kawai ya shiga ya cije, alhali ya kamata ya yi uku ko huɗu kafin ya yi tauri. Nan ya kamata in kwance in sake. Sai na ɗauko sifana na ci gaba da ɗaurewa, yana ta shiga sumul ba gardama.

Wannan shigar sumul ɗin ita ce tarkon. Teflon yana cikin abubuwa mafiya santsi da aka sani. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Roy Plunkett ne ya gano shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, kuma saboda santsin ne ake shafe cikin wasu kaskon suya da shi. A haɗin tiyo aiki biyu yake yi: yana toshe 'yan kafofin da ke tsakanin haƙori da haƙori, yana kuma sa namiji ya zarce ciki ba tare da ka ji nauyinsa a hannu ba. Shi kuma namijin da ake toshe ruwa da haƙorinsa ba miƙaƙƙe ba ne, bakinsa ya fi gindinsa siranta, yana ƙara kauri da milimita ɗaya a kowace milimita 16 ta tsawo. Kowane juyi ƙara buɗa macen yake yi, tamkar ƙarfen da mai faskare yake bugawa cikin kututture. Macen ƙarfe tana jurewa. Ta roba, musamman wadda ranar bazara ta shekara uku tana gasawa, ba ta jurewa. Kuma ba lallai ta fashe a gabanka ba. Tawa ta jira har dare, tanki ya cika, sannan ta tsage daga baki har gindi, tsagar da farce yake shiga.

Tun daga ranar ba na sayen teflon sai na juya bayan kwalinsa ko jikin robar da aka naɗe shi na karanta lambobi. Yawanci uku ne: faɗi, kauri, tsawo, misali 12 mm x 0.075 mm x 10 m. Mutane tsawon suke dubawa don su ga wanne ya fi auki, alhali ta tsakiyar ce take faɗa maka yawan naɗin da za ka yi. Masu kyau suna ƙara lamba ta huɗu, nauyinsa a giram cikin kowane santimita kubik. Na araha bai cika wuce 0.4 ba, mai nauyin kuwa yana kaiwa 1 ko fiye. Biyu za su iya zama kauri ɗaya a rubuce amma ɗaya ya ninka ɗaya a cika haƙori. In babu rubutu ko kaɗan, wanda ya fi yawa a kasuwarmu, ka roƙi mai shago ka warware ɗan taƙi guda. Ɗora shi a kan yatsa: in kana ganin zanen fatarka ta cikinsa, siriri ne. Ja shi a hankali: marar nauyi nan da nan yake tsukewa ya koma kamar zare, ya nannaɗe kansa, mai nauyi kuwa yana miƙewa da faɗinsa kafin ya tsinke. Ba na cewa siririn ba shi da amfani. Yana yi, in ka san shi ne a hannunka.

Faɗi kuma ya bi girman haɗi. Milimita 12 ya isa ga 12/17 da 15/21, wato kan famfo da shawa da irinsu. Daga 20/27 zuwa 26/34 na fi son 19, don yana rufe haƙoran a zagaye ɗaya ba sai kana hawa da sauka ba. Na 25 sai manyan tiyo. Launi kuwa kada ya ruɗe ka. A tsarin Amurka fari na ruwa ne, ruwan ɗorawa na gas, ruwan hoda mai nauyi ne na ruwa, kore na iskar oksijin. Amma kayan da suke shigo mana daga ƙasashe daban-daban suke, wani robar waje kawai aka rina, na cikin fari ne siriri. Lamba ce abin dogaro.

Ga yadda nake yi yanzu a 15/21 da 20/27 in duka biyun ƙarfe ne: siririn 0.075 naɗi goma zuwa sha biyu, na 0.1 mai nauyi biyar ko shida, na 0.2 uku, in haƙorin ya yi sako-sako huɗu. Bayan naɗi dole in ga siffar haƙoran ta cikin teflon in na bi su da babban yatsa. In wurin ya zama sumul kamar an naɗe rauni da bandeji, ya yi yawa. Da na tsaya na yi wannan dubawar ta daƙiƙa biyar a ranar, da tankina bai zube ba.

In macen ta roba ce, dokar daban ce, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Naɗi uku na 0.1, a ɗaure da hannu har ya tsaya, a ƙara juyi ɗaya ko ɗaya da rabi da sifana, kada a wuce biyu ko da ana jin zai ƙara shiga. Zai ƙara shiga ɗin, ai matsalar ke nan. Mafi alheri ma a guji haɗa namijin ƙarfe da macen roba tun farko. A juya abin: namijin roba cikin macen ƙarfe, don roba tana jure matsi daga waje fiye da buɗawa daga ciki. In ba yadda za a yi, a nemi macen da aka dasa wa haƙorin tagulla a ciki, irin wadda ake samu a kayan tiyon roba na PPR, ko mai zoben ƙarfe a bakinta. Ta ɗan fi tsada, amma ba ta kai kuɗin kurar ruwa ɗaya ba.

Naɗin kansa kowa ya sani, sai dai abu biyu da nake yawan gani a gidaje. Na farko, in ka fuskanci bakin tiyo, naɗi ya bi yadda hannun agogo yake tafiya, wato yadda macen za ta juya a kansa, in ba haka ba tana shiga tana kwance shi tana turo shi waje. Na biyu, a bar haƙorin farko tsirara. Teflon da ya leƙa bakin tiyo yankewa yake yi ya bi ruwa, ya je ya maƙale a ƙaramar kafar abin nan mai ƙwallo da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ko a ramukan kan shawa. Sai ka ga tanki yana ambaliya da tsakar dare, ana ta zargin ƙwallon.

Akwai kuma kan famfo da yake ƙarewa a karkace, bakinsa yana kallon gefe. Da teflon ba a komawa baya. Ko rubu'in juyi ka sassauta don ka daidaita shi, ka riga ka buɗe hanyar da ya toshe, domin ba ya kumbura ya sake cika wurin. Sai dai ka kwance gaba ɗaya, ka goge tsohon tas da tsohon buroshin haƙori, ka sake naɗi da ƙarin zagaye ɗaya ko ragin ɗaya har bakin ya tsaya yana kallon ƙasa. A nan ne tsofaffin masu gyaran famfo suke da gaskiya da suke riƙe da filas, zaren nan mai kama da na rama da ake shafa wa man toshiya. Shi yana kumbura in ya sha ruwa, yana kuma yafe ɗan komawa baya. A ƙarfe da ƙarfe, musamman tsohon tiyon ƙarfe na galba, har yanzu ban ga abin da ya fi shi ba. Amma kada a kusantar da shi da macen roba, kumburin nasa ma fasa ta zai yi.

Wasu kan famfon na araha haƙoransu a miƙe suke, ga santsi, teflon sai ya riƙa zamewa yana juyawa tare da mace. Ɗan karta haƙoran a gicciye da bakin zarton ƙarfe, wuri uku ko huɗu, yana ba shi abin kamawa. In kuma ka ga haɗi ya shiga juyi biyu ya cije tun babu teflon, ka yi zargin haƙoran ba dangi ɗaya ba ne. Akwai tsarin Ingila mai kusurwa digiri 55, wanda shi muke amfani da shi, akwai na Amurka mai digiri 60. A rabin inci da uku bisa huɗu dukansu haƙori 14 ne a inci, shi ya sa suke yaudara su fara shiga. A inci ɗaya kuwa namu 11 ne, nasu 11 da rabi. Babu yawan naɗin da zai sasanta su.

Inda akwai zoben roba a ciki, kamar tiyon nan mai lanƙwasa na wurin wanke hannu, ko na shawa, ko notin mitar ruwa, teflon ba shi da aiki. Zoben ne yake toshewa, naɗi kuwa hana notin isa ya danne shi yake yi. In yana ɗiga, zobe za a sauya. Kan tukunyar gas ma haka, kuma shi ba wurin gwaji ba ne ko kaɗan.

Gyaran da na yi washegari bai ɗauki minti talatin ba. Na yanke macen da ta tsage, na manna sabuwa mai zoben ƙarfe da gam, na bar ta ta bushe, na yi wa tagullar naɗi biyu da rabi na wannan mai kaurin dai, na ɗaure da hannu, na ƙara juyi ɗaya. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne gwaji, domin rashin ɗigo a sa'ar farko shi ya yaudare ni jiya. Tankin da ke kan gini mai tsawon mita uku ƙarfin ruwansa kusan 0.3 ne na bar, wato ma'aunin matsin ruwa, tunda kowace mita goma ce take ba da bar ɗaya, kuma in tankin rabi ne bai ma kai yadda zai kai in ya cika ba. Haɗin da ke ɓangaren mitar ruwa kuwa ba ya nuna halinsa sai ruwan gari ya dawo da dare yana tafe da iska yana bugun tiyo. Don haka na goge haɗin ya bushe ƙarau, na naɗa masa farar takarda na ɗaure da zare, na duba bayan sa'a ɗaya, na duba da tanki ya cika, na sake dubawa da asuba. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ya haura lita huɗu a yini, kuma a zafinmu yana iya bushewa a jikin tiyo kafin ido ya gan shi, amma takarda tana riƙe tabonsa.

Kwana uku ina rufe makullin ƙasan tanki in rage ruwan zuwa rabi kafin in kwanta, sai a dare na huɗu na bar shi ya cika. Na kuma kifa wa haɗin rabin tsohuwar jarka don rana ta daina dukansa kai tsaye. Sauran teflon mai kaurin yana nan cikin akwatin kayan aiki, na rubuta 3 a jikin robarsa da jan fenti.