Yadda na gane wani fure a tuddan alli na Sussex

Tuddan South Downs da ke bayan garin Brighton, a yankin Sussex na kudancin Ingila, alli ne zalla a ƙarƙashinsu. Ƙasar da ta rufe allin ba ta da kauri, wani wurin ko taƙi guda ba ta kai ba, kuma ruwan sama ba ya kwana a kanta. Duk inda zomo ya tona rami, sai ka ga farin dutse zube a bakinsa. A watan Yuli na hau wajen kwarin Devil's Dyke, a can na ci karo da wani fure da ban taɓa gani ba. Shuɗi ne mai duhu, kansa a dunƙule, a kan siririn kara da bai kai gwiwa ba.

Da a gida ne, tumɓuke shi zan yi in kai wa wani dattijo ya faɗa mini sunansa da amfaninsa. A nan ba a yin haka. Dokar kare namun daji da tsirrai ta shekarar 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji in ba da izinin mai fili ba, kuma ina ganin dokar ta yi daidai, don wasu tsirran wurin ba su da yawa. Sai na durƙusa na ɗauki hotuna. Wata manhajar waya ta jero mini sunaye, galibinsu dangin scabious, masu shuɗin kai a dunƙule irin wannan. Hoton da aka ɗauka daga sama iyakar abin da zai nuna ke nan, launi da siffar kai, su kuwa tsirrai da dama sun yi tarayya a kansu.

Ƙasar wurin ce ta fara rage mini aiki. Manomi ya san ciyawar jigawa daban, ta fadama daban, to haka abin yake a nan. Akwai wani tsiro, Jasione montana, wanda daga nesa za ka rantse shi ne, amma ƙasa mai tsami yake so, ba ya zama a kan alli. Na fitar da shi.

Daga nan sai ganye, inda na fi daɗewa. Dangin scabious duka ganyensu bibbiyu yake fitowa, ɗaya na fuskantar ɗaya a gaɓa guda. Na bi karan nan da yatsa tun daga ƙasa: ganye ɗaya a nan, ka ɗan hau sama ka ga wani a ɗaya gefen, ƙanana sirara, suna ƙara ƙanƙancewa. Na buɗa ciyawa na sami ganyen gindi, masu doguwar wuya da ɗan haƙori-haƙori a gefe. Ga kuma wani scabious na gaskiya, Scabiosa columbaria, tsaye kusa da shi, launinsa ya fi haske, ganyen karansa a yayyage. Ganin su biyu gefe da gefe ya koya mini abin da hoto bai koya mini ba.

Sai na sa gilashin ƙara girma a kan furen. Ashe kan nan tarin ƙananan furanni ne, kowanne dogo, a lanƙwashe yana kallon tsakiya. Siraran fallaye biyar ne suka haɗa kowane ɗaya, sun tsage daga ƙasa amma bakinsu na manne, wani zare kuma ya ɓullo ta saman, kansa a rabe. Na daɗe ina kallon wannan tsari, ina tasbihi. Da na koma ɗaki na bi littafin tsirrai mataki-mataki, sai ga shi: Phyteuma orbiculare, daga dangin Campanulaceae. Turawan wurin na ce masa round-headed rampion, kuma tun 2002 shi ne furen da ke wakiltar gundumar Sussex. Injinan samar da lantarki da iska da ake hangowa cikin teku daga gaɓar Brighton ma sunansa aka ba su.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rashin ƙarfin ƙasar ne ke raya shi. Da yake ba taki, manyan ciyayi ba sa samun damar danne ƙanana, tumaki kuma sun shekara ɗaruruwa suna aske tuddan. Shi ya sa a wuri mai kyau ake iya ƙirga nau'in tsiro har 40 a murabba'in mita ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka nome da yawa, aka zuba takin zamani, cutar da ta kashe zomaye, waɗanda su ma ke aske ciyawar, daga 1953 kuma ta bar ƙaya ta mamaye wasu wuraren. An ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan fili ya salwanta, abin da ya sosa mini rai ƙwarai.

Yanzu in na ga tsiron da ban sani ba, ina rubuta irin ƙasar, in ɗauki ganyen gindi, da kara, da furen ta gefe, in ajiye kwabo kusa da shi don girma ya fito. Hotunan wannan na ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake tantance hotunan tsirrai da dabbobi, masana suka tabbatar. Mai son ganinsa ya je tsakanin Yuli da Agusta, ya duba gangaren da tumaki ke kiwo, domin da Satumba ta yi nisa busassun kawuna kawai zai tarar.