Na'urar da ba ta cewa "Allahu a'alam"

A makon jiya na ɗauki hoton shafi guda na wata waƙar wa'azi ta ajami da na gada daga kakana, na ba wata manhajar kwamfuta mai koyon karatu daga misalai domin ta mayar mini da shi boko. Cikin daƙiƙu ta gama, amma duk inda malamin ya rubuta "ƙasa" sai ta kawo mini "fasa".

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. A rubutun Magaribi da muka gada, ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama, fa kuwa ɗigonta a ƙasa yake, alhali a bugun ƙasashen Gabas fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama. Da alama da littattafan Gabas aka horar da manhajar. Kuskuren bai dame ni ba kamar yadda ta kawo shi babu alamar shakka, domin magabatanmu, idan kalma ta shige musu duhu, sukan yi nuni a gefen shafi ko su ce Allahu a'alam.

Mai binciken tarihi da ke zuwa Arewa House, cibiyar da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna a nan Kaduna, abu na farko da yake tambaya game da takarda shi ne asalinta: wa ya rubuta, wa ya kwafa, daga hannun wa ta fito. A ganina haka ya kamata a nemi isnadin na'ura, a san rubuce-rubucen da aka horar da ita da su, da waɗanda suka tantance su, da ko hannun marubutan Kano da Sakkwato da Borno yana ciki.

Manhajojin karanta rubutun hannu irin su Transkribus suna bayyana adadin haruffan da ake kuskurewa, kuma wannan ci gaba ne, sai dai jimilla kaɗai ba ta wadatar ba. Idan aka ce kuskure 5 ne cikin haruffa 100, ina bukatar sanin ko a sunayen mutane da garuruwa suka taru, tunda a kansu hujjar mai tarihi take tsayawa. Ina kuma so kowace kalma ta zo a jikin hoton layinta, a yi wa wadda aka yi hasashenta alama.

Shafin kakana dai na kai shi Tudun Wada wurin wani dattijon malami, muka bi shi layi-layi har la'asar.