Godiya: Baba ya taka da ƙafarsa har masallaci

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya da magariba Baba ya taka daga zaurenmu a unguwar Bagalam har masallacin bakin layi, da sanda a hannun hagu, ba wanda ya riƙe shi. Wata 7 ke nan da faɗuwarsa. Ina biye da shi a baya, hawaye na zuba. Alhamdu lillahi.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata asuba, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Maƙwabcinmu mai adaidaita ya kai mu asibiti ko takalmi bai tsaya sawa ba, kuma ya ƙi karɓar ko dala. Likitoci suka ce matsalar a gefen hagu na ƙwaƙwalwa take, shi ya sa dama ta mutu. Allah ya saka musu da alheri.

Godiya ta musamman ga kine ɗinmu, mai gashin ƙashi. Ita ta ce mana wata uku zuwa shida na farko jiki ya fi saurin farfaɗowa, kada mu bar shi kwance don tausayi. Da ya fara iya zama, sai ta haɗa masa da yoga, irin motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya, amma na kan kujera. Ya dasa tafin ƙafa biyu a tabarma, ya miƙe baya, ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya karkata nauyinsa kan ƙafar da ta mutu. Daga baya ya koma tsayuwa dafe da bango. Har yanzu shatin tafinsa na nan a jikin bangon ɗakin.

Da fari Baba ya ƙi, ya ce ya ji ana cewa bautar wasu ce. Liman ya zo har gida ya zauna ya kalla, ya ce: “Alhaji, miƙa ce da numfashi, ka yi da bismillah.” Malam, mun gode.

Ni a ganina, babban abin da ya rabu da shi shi ne tsoron faɗuwa. A da, jan ƙafar yake, silifa na suɓucewa, sai ya ƙanƙame ni. Yanzu yakan tsaya, ya numfasa, sannan ya ɗaga ta. Kuma ko rana ɗaya bai bar maganin hawan jini ba, kine ta ja mana kunne sosai a kan wannan.

Inna, ke kika rage gishiri da magi a tukunya, kika sha mita kika haƙura. Kawu na Katsina da 'yan uwa na Tibiri da Madarunfa, gudummawarku ta iso lokacin da aljihu ya bushe.

Yatsun hannun dama ba su gama buɗewa ba, da hagu yake jan carbi. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.