Talata, a ɗakin jinyar yara

Yau tun safe ina ɗakin jinyar yara, ga sanyin Ankara mai ratsa ƙashi. An kwantar da wani yaro ɗan shekara 11 da aka kawo daga wajen garin Sivas, a nan Turkiyya. Mako uku ke nan zazzaɓi bai sake shi ba, cinyoyi da damatsa na yi masa zugi har ba ya iya taka ƙasa. Malaminmu ya ɗan matsa sha-raɓarsa kawai, yaron ya ƙwalla ƙara ya ƙanƙame hannun babarsa.

Da a gida ne, da tuni an yi gwajin maleriya da taifod an hau allurai. Nan kuwa abin da malam ya fara tambaya shi ne ko akwai mai irin wannan a dangi. Uwar ta ce ƙanen mijinta yana fama da ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, kuma ita da mijin 'yan maza zar ne.

Zazzaɓin Bahar Rum na gado ke nan, wanda ya fi kama Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa. Gadonsa kamar na sikila yake, galibi sai an ɗauko daga uwa da uba. A 1997 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, MEFV, mai sarrafa wani furotin da ake kira pyrin. Idan ta samu tangarɗa, garkuwar jiki sai ta riƙa tayar da kumburi ba gaira ba dalili, alhali babu wata ƙwayar cuta da ta shigo.

Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ciwon ke yi ya lafa. Na yaron nan shi ne nau'in da ba a cika gani ba, mai jan zazzaɓi da ciwon tsoka har mako shida idan an bar shi. Abin da ya ɗaure min kai, gwajin lalacewar tsoka ya fito lafiya lau, amma alamun kumburi a jini sun yi sama sosai. Malam ya ce ana zargin ƙananan jijiyoyin jini ne ke kumbura.

Me ya tayar da shi? Uwar ta tuna ya yi ciwon maƙogwaro kafin a fara, kuma an sha ganin hakan bayan ƙwayar streptococcus. Gajiya, sanyi, damuwa, da jinin al'ada ga mata duk suna iya tunzura ciwon.

Maganin colchicine, da ake ba masu ciwon tun 1972, bai cika kwantar da wannan nau'in ba, don haka aka fara masa prednisolone, maganin kwantar da kumburi. Duk da haka malam ya ja kunnen uban cewa colchicine ɗin kullum ne, ko da yaro ya warke sarai, domin shi ke kare ƙoda daga taruwar amiloid, wani furotin da yawan kumburi ke haifarwa.

Gobe da safe zan duba sakamakon fitsarinsa, in ga ko akwai furotin a ciki, wanda alama ce ta taɓuwar ƙoda.