Akwatin tsummokarana

Matata tana kiransu tsummokara. Wai duk gidan nan ba abun da nake kishi a kansa kamar akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, kuma ban musa ba, ƙyallaye goma sha ɗaya ne a ciki, kowanne na san inda na samo shi da nawa na biya da irin ƙaryar da aka shirga min a kansa.

Abun ya faro ne lokacin ina karatu a Malesiya. Hutu ya zo kuɗin jirgin dawowa Kaduna ya fi ƙarfina, sai wani abokin karatuna ɗan Indonesiya ya ce in bi shi garinsu Yogyakarta a tsibirin Jawa. Shi ya kai ni wani gida inda mata ke zaune kan kujerar tsugunno sun kewaye 'yar tukunyar kaki a kan wuta, kowacce riƙe da wani abu kamar ƙaramar butar tagulla mai mariƙin gora, sunansa canting. Za ta ɗebo kaki mai zafi, ta hura bakin butar, sannan ta ja layi a kan farin yadi, ɗigo bayan ɗigo. Duk inda kakin ya hau rini ba ya kamawa, sai a tsoma a fitar a sake rufe wani wurin a sake tsomawa, ƙyalle ɗaya sai ya ci watanni. Shi ne batik. Abin dariya, sunan kakin a yarensu malam. Ina jin wata tsohuwa tana malam malam wallahi na amsa na'am, na ɗauka ni take kira.

Ni ɗan Kakuri ne, Baba ya yi aiki a masaƙa tun lokacin da jiniyar canjin aiki ce agogon unguwa. Kaduna Textiles a 1957 aka buɗe ta, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) kuma a 1964 da jarin wasu mutanen Hong Kong, kenan hannun Asiya ya daɗe a yadin garin nan. Amma sai a gidan matan nan na gane ashe atamfar da iyayenmu ke ɗaurawa jikanyar batik ce. Turawan Holan da suka mallaki Indonesiya su suka kwaikwayi aikin da inji don su sayar wa mutanen Jawa da araha, su kuma suka raina shi saboda 'yan tsage-tsagen da ke fitowa a rinin. Da kayan ya iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai waɗannan tsage-tsagen suka zama ado. Vlisco, masu yin Holan ɗin da ake zubawa a lefe, tun 1846 suke a garin Helmond na ƙasar Holan.

Toh ranar da zan bar garin na shiga wani shago mai duhu-duhu, mai shagon ya fito min da wani ƙyalle ruwan ƙasa mai zanen parang, layuka a karkace kamar wuƙaƙe, ya ce daga fada ya fito, ya fi kakata shekaru. Gaskiya ne a da can wasu nau'in parang sai gidan sarauta ke ɗaurawa, nan ya kama ni. Na zazzage masa kusan rabin guzurina. Da na dawo gida na shimfiɗa wa Baba ina ta cika baki, bai ce komai ba, ya murza gefen da yatsu biyu, ya juya bayan, ya kai hanci. Sai ya ce, "Ɗan nan, wannan ai bugun inji ne, irinsa muka yi ta yi a nan." Bayan fari-fari ne, rinin bai ratsa ba. Na hannu gaba da baya kusan ɗaya suke, yana ɗan ƙamshin kaki ko ya kwana biyu, kuma in ka ƙura ido ɗigon ba sa zama daidai wa daida, wani ya fi wani ƙiba, wani wurin za ka ga inda hannun matar ya ɗan girgiza. Akwai kuma na tsakiya, batik cap, da ake buga kakin da hatimin tagulla, shi ma na gaske ne amma zanen na maimaita kansa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Wancan jabun har yanzu yana akwatin, shi nake ɗorawa a sama.

Na so in faɗaɗa harkar zuwa fuskokin katako. Na sayi guda ɗaya, topeng, ja mai gashin baki da fiƙaƙƙun idanu irin ta masu rawa a Jawa. Masu rawar Cirebon, wani gari a Jawa, ba igiya suke ɗaura ta da ita ba, wata 'yar fata ce a ciki suke cizawa, shi ya sa wadda aka yi rawa da ita da gaske za ka ga shatin haƙori a fatar, cikin katakon ya yi baƙi-baƙi ya yi santsi saboda gumi. Tawa cikinta fes, hayaƙi kawai aka bi wajen da shi don ta yi kama da tsohuwa. Ko kwana uku ba ta yi a bangon falo ba Hajiya ta zo, tana sallama ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Wannan dodon fa? A ɗakin da kake sallah?" Na fara bayanin al'ada da fasaha, ta ce in kai bayanin gaba, mala'ikun rahama take so su riƙa shigowa gidan jikokinta. Ban ja da ita ba don ni ma zuciyata ba ta kwanta ba, wasu fuskokin na ibadar mutane ne ba na wasa ba, kamar na Siri Lanka guda 18 da kowacce ke wakiltar wata cuta a bikin neman waraka. Kuma da a ce ta gaske ce mai tarihi ina zan kai tambayar yadda aka yi ta bar ƙasarsu? Mu da aka kwashe mana kayan Benin a 1897, aka yi ta haƙe na Nok a nan jiharmu ana tsallakewa da su, bai kamata in zama mai sayen na wasu ba. Tana cikin kwali a sito.

'Yar tsana kuwa guda ɗaya gare ni, kokeshi ta arewacin Japan, icce ne dunƙulalle da kai, ba hannu ba ƙafa, mai sassaƙar ya sa hannu a ƙasanta. Autarmu ta ƙwace, yanzu goya ta take da ɗankwali, fentin kumatun duk ya goge. Na haƙura.

Ƙyallen dai shi ne nawa, don shi idona ya sani. Wahalarsa a Kaduna ajiya ce, hunturu ƙura, damina danshi da gara da asu. Nannaɗe su nake a tsohon farin zanin gado maimakon ninkewa, don wurin ninki ne ke fara yagewa, ba na sa su a leda, ba na shanya su a rana, inuwa kawai sau biyu a shekara. Omo kuwa ko kusa.

Satin da ya wuce na fito da mega mendung ɗina na Cirebon, mai zanen gajimare shuɗi, ina sha masa iska sai ga Hajiya. Ta daɗe tana shafa shi, ta juya bayan yadda Baba ke yi. Washegari ta aiko jikanta da ƙullin leda, tsohuwar Holan ce ta lefenta, gefen ya fara zare, da saƙon wai in sa ta cikin 'yan uwanta amma kar ta sake ta ji na haɗa ta kwali ɗaya da dodon nan.